Kurakuran da aka fi yi wajen auna mai binciken cutar kansa da yawan ambato

Satin da ya wuce wani ya turo hoton shafin Google Scholar, dandalin da ke jera takardun binciken masana, na wani farfesa a gurup ɗinmu na tsofaffin ɗalibai nan Gusau, mutumin yana bincike kan ƙwayoyin gado da ke jawo cutar kansa, kafin ka ce mi an cika gurup da ma sha Allah, wani har cewa ya yi wanga kam ya gama da duniya. Na tambaya, cikinku wa ya buɗe takarda ɗaya tasa ya karanta? Shiru kake ji. Lambobin gefen dama, masu nuna sau nawa wasu masana sunka ambaci takardunsa, kawai munka kalla, ni ma da farko haka na yi, ba zan yi ƙarya ba.

Sai ga ƙanwata da ke neman wanda zai duba mata aikin digiri na biyu ta kira ni da dare, wai Yaya don Allah cikin malamai biyu wa zan zaɓa, wancan nasa ma'aunin h ya fi yawa. Shi ya sa na zauna na rubuta wanga abu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutane ba su ma san mi ma'aunin h ke aunawa ba. Wani masanin fiziks a Amurka mai suna Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005, kuma lissafin ba wuya. Idan anka ce h ɗinka 10, kana da takardu 10 da kowace anka ambace ta aƙalla sau 10 a cikin wasu takardun. Shi ke nan. To ɗauki mutum mai takardu shida, ambatonsu 900, 40, 12, 5, 3 da 1, h ɗinsa 4 kacal, alhali yana da takarda guda da ta girgiza fagen. Wani kuma yana da takardu goma kowace ambato goma cif, jimilla 100, h ɗinsa 10. A gurup ɗinmu na biyun za a yi wa kirari. Kuma abin ba ya raguwa, ko mutum ya yi ritaya ya koma noman shinkafa a fadamar Argungu lambar tana nan, har ma ta ƙaru. Gyaran shi ne ka jera takardun daga mai yawan ambato zuwa ƙasa, ka buɗe biyar na sama ka ga mi sunka gano, sannan ka duba gefen da ke nuna shekaru biyar na baya-bayan nan don ka san ko har yanzu mutumin yana aiki ko tsohon tuwo ake ɗumamawa.

Sannan akwai haɗa lambar wani gida da ta wani. Google Scholar kwashe-kwashe gare shi, yana ƙirga kundin digiri da takardun taro da duk abin da ya tsinta a intanet, Scopus na kamfanin Elsevier da Web of Science kuwa sai mujallun da sunka tantance sunka sa a jerinsu, don haka mutum ɗaya zai iya samun lamba uku daban-daban kuma ta Google ce galibi ke sama. In za ka gwada mutum biyu ka auna su da mudu ɗaya, a rana ɗaya. In kana rubutawa a takardar neman ƙarin girma ka faɗi inda ka samo lambar da kwanan wata.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, maganar suna. Mu nan rabin gari Muhammad ne, sauran rabin Abubakar da Usman, kuma mutum ɗaya yau ya rubuta Muhammad, gobe Mohammed, jibi ya maƙala sunan garinsu a ƙarshe, Jega ko Bunguɗu ko Ƙaura, wata mujallar kuma ta juya sunan ta mai da na uba na farko. Abu biyu ke faruwa. Ko dai aikinka ya warwatse gida uku kamar na mutum uku, ko kuma Google Scholar ya dinga kwaso takardun wani mai irin sunanka a Fakistan ko Masar yana zuba maka, saboda ka bar shi yana sabunta shafin da kansa. Na taɓa ganin shafin wani malami da ke aikin sankarar mama amma takardarsa mafi yawan ambato kan siminti ce. Ban ce da gangan ya yi ba, watakila bai ma lura ba, amma ranar da masu tantancewa sunka lura kunyar tasa ce. Ka shiga saitin shafin ka ce a dinga tambayarka kafin a ƙara komi, ka goge abin da ba naka ba ko da zai rage maka lamba, ka buɗe ORCID, kyauta ne, tun 2012 yake, lamba ce mai gurbi 16 da ba wanda zai yi tarayya da kai a cikinta, kuma ka tsaya kan rubutun suna guda har ƙarshen rayuwarka ta aiki. Mata kuma ku yi tunani tun kafin takardar farko, sunan uba za a ci gaba da shi ko na miji, kada a raba aikin biyu.

A fagen ƙwayoyin gado na kansa akwai wani abu da ɗan wani fannin ba zai gane da wuri ba, wato yawan marubuta. Manyan ayyuka irin The Cancer Genome Atlas, wanda anka fara a Amurka a 2006 ya kuma bi diddigin kansa iri 33, takardunsu na ɗauke da sunaye ɗaruruwa, kuma kowane ɗaya cikinsu ambaton gaba ɗaya ake zuba masa a shafinsa. To mutum zai iya tara dubbai alhali shi ne na tamanin da wani abu a jeri. Ba laifi ba ne, gudummawa ce, amma ba daidai take da ta wanda ya jagoranci aikin ba. A al'adar binciken likitanci na farko a jeri shi ya fi shan wahalar aikin, na ƙarshe galibi shi ne mai ɗakin gwajin da ya tsara ya nemo kuɗi. Don haka na ce wa ƙanwata ta ƙirga takardun da malamin ya zo farko ko ƙarshe, ta kuma duba ko ɗalibansa na fitowa a farko, don wannan ne zai nuna mata yadda zai riƙe ta.

Wannan ya taɓo wani ciwo namu. Likita ko ma'aikacin lab zai sha rana yana neman izinin kwamitin ɗa'a, yana lallashin majinyata da danginsu, yana adana samfur ga matsalar wuta, a tura waje a yi gwaji, takarda ta fito sai ka ga sunansa can tsakiya ko ma a sashen godiya kawai. Sashen godiya ba ya kawo ambato ko ɗaya. Maganar wa zai zo a ina ana yin ta ne a rubuce kafin samfur ya bar hannunka, kunya ba ta da wuri a nan.

Wani kuskuren kuma, ɗaukar kowace takarda a matsayin sabon bincike. Takardar bita, wadda ke tattara abin da wasu sunka gano, ta fi saurin jan ambato don kowa na buƙatar ta a gabatarwarsa. Wadda Hanahan da Weinberg sunka fitar a mujallar Cell a 2000, inda sunka jera halaye shida na ƙwayar kansa, an ambace ta dubun dubata, kuma ta cancanta, amma bita ce. Gwada ta da aikin Alfred Knudson na 1971, shi kaɗai, da bayanan majinyata 48 masu kansar ido ta yara, ya yi lissafi ya ce sai an samu lahani sau biyu kafin cutar ta tashi, wanda ya gaji ɗaya saura ɗaya ya rage masa. Sai a 1986 anka gano ita ƙwayar gadon da lahanin ke samu, wato RB1. Shekara goma sha biyar ke nan. Haka Mary-Claire King a 1990 ta nuna cewa akwai ƙwayar gadon sankarar mama a kan kuromozom na 17, anka ware ta a 1994 da sunan BRCA1, wata ta biyu mai suna BRCA2 kuma a 1995. Irin wanga aiki ba ka auna shi da abin da ya tara a shekara biyu, shi ya sa gwada yaron da ya gama digiri na uku bara da farfesan da ya shekara talatin yana bugawa zalunci ne kawai.

Kuma ambato ba yabo ba ne dole. Ana ambaton takarda don a ce ta yi kuskure. An gano ƙwayar gadon da ake kira p53 a 1979, kusan shekara goma ana ɗaukar ta a matsayin mai haddasa kansa, sai wajen 1989 ta tabbata cewa lafiyayyarta hana kansa take yi, waɗanda anka yi ta gwadawa da farko masu lahani ne. Akwai ma takardun da anka janye gaba ɗaya amma mutane na ci gaba da ambatonsu don kwafar jerin wani sunka yi ba su buɗe ba. Kafin ka dogara da takarda ka neme ta a PubMed, rumbun takardun binciken likitanci na intanet, in an janye ta za ka ga alama, ko ka leƙa Retraction Watch, shafin da ke bin diddigin takardun da anka janye.

Ambaton kai kuwa kaɗan ba komi, dole ka nuna inda ka tsaya a baya. Amma in ya zama adashe, ka ambace ni in ambace ka, ana ganewa. Scopus na da wurin da za ka danna ya cire ambaton kai, danna ka ga abin da ya saura.

Sai ma'aunin tasirin mujalla, wanda ake ta taƙama da shi a ɗakin malamai. Matsakaicin ambaton takardun mujalla ne na shekara biyu, na mujallar ne, ba na takardarka ba. Akwai mujallar kansa ta Amurka da nata ya haura ɗari saboda rahotannin ƙididdigar kansa da kowa ke ambato, wannan bai ce komi ba kan wata takardar da ke kusa da su. Tun 2012 masana sunka yi sanarwar San Faransisko cewa a daina auna mutum da wanga ma'auni. Ɗaya gefen kuma mujallun bogi, masu turo imel da daɗin baki, ka biya dala a buga maka cikin kwana uku ba wanda ya karanta. Kuɗinka ya tafi, aikin da ka sha wuya a kansa ya shiga rami don mujallar kirki ba za ta sake karɓar abin da anka riga anka buga ba. Kada ka yarda da tambarin da sunka manna a shafinsu, je jerin mujallun Scopus da kanka ka rubuta sunan, ko ka duba DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta waɗanda anka tantance, ka kuma tambayi ma'aikacin laburare.

Abin da nake so ɗalibanmu na Birnin Kebbi da Aliero da Gusau su riƙe shi ne ƙarancin ambato ba ya nufin aikin banza ne. Yawancin bayanan ƙwayoyin gado da duniya ta tara daga Turawa sunka fito. Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan take aiki a Jami'ar Shikago, ta shafe shekaru tana nazarin sankarar mama a matan Najeriya da masu asalin Afirka saboda wanga giɓi. Mu nan muna da namu tambayoyin. Tun 1991 anka nuna alaƙar gubar aflatoksin, wadda ke fitowa daga funfunar gyaɗa da masarar da anka adana da danshi, da wani takamaiman lahani a p53 cikin kansar hanta, kuma haɗarin na ƙaruwa in ta haɗu da ciwon hanta nau'in B. Wanda ya bi wanga a ƙauyukan Zamfara watakila mutum ashirin ne za su ambace shi, amma cikinsu za a iya samun wanda zai gyara yadda ake busar da gyaɗa.

Ƙanwata dai ta buɗe takardun malaman biyu kamar yadda na ce mata. Mai babbar lambar kusan duk a tsakiyar jeri yake, ɗayan kuma takardunsa ba su da yawa amma uku daga ciki ɗalibansa ne a farko, ɗaya ma mace. Ta ce Yaya ran Litinin zan je ofishinsa, na ce ta karanta guda biyu tukuna don ta san abin da za ta tambaye shi.