Yadda ake sa wa tirelar kwana taga ba tare da ta yi yoyo ba

Duk wanda ya haɗa ƙaramar tirelar kwana, wato ɗan ɗakin kwana da mota ke ja, da hannunsa a nan Legas, ruwan watan Yuni ne zai gwada aikinsa, kuma ta taga ruwan ya fi shiga. Na ga samari da yawa a Agege sun gama walda tsaf, taga ta ɓata musu komai.

Kada ka yanka bango sai tagar tana hannunka. Ni na fi son ta aluminiyam mai zugewa, irin ta bas, wadda ake samu ta hannu a kasuwar Ladipo. Ta fi sabuwa arha, kuma gilashin mota ne, yana jure gargada. Gilashin gida kam kada ma ka fara. Ɗora tagar a kan kwali ka zana ɓangaren da zai shiga cikin rami, ban da leɓen da zai kwanta a waje. Ka ƙara milimita 3 a kowane gefe. Awon tsayi kuwa daga daɓen tirelar za ka ɗauka, domin ƙasar da ka ajiye ta a kai ba lallai ta daidaita ba.

Mayar da zanen kwalin a jikin bango, ka manna tef ɗin takarda a kan layin don kada fenti ya karce. Huda kusurwa huɗu da injin huda, sannan ka bi da zarton lantarki. Kusurwa ta zama mai lanƙwasa, domin mai kaifi daga nan kwano yake fara tsagewa idan hanya ta jijjiga shi. Goge bakin da ka yanka, ka shafa jan fentin nan na maganin tsatsa, iskar Legas da gishirinta ba ta raga wa ƙarfe. Daga ciki ka kewaye ramin da firam na katako ko bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, shi zai riƙe sukuru.

To, ga inda ni na sha wuya. Tagata ta farko silikon kawai na zaga mata daga waje, kamar yadda mai shagon ya ce min. Wata biyu ba a yi ba, na tashi da asuba na tarar gefen katifa sharkaf, katakon ƙasan taga ya kumbura har yatsa na nitsewa a ciki. Tirela motsi take yi kullum, silikon kuwa a hankali yake sakin fenti, ya bar siririn tsagi da ido ba ya gani.

Abin da ke aiki shi ne tef ɗin butil, danƙon nan mai laushi da ba ya bushewa. Goge wurin da sifirit tukuna. Manna shi a bayan leɓen tagar, ka fara daga tsakiyar ƙasa, ka zaga ba tare da ka yanke ba, ka dawo ka ɗora baki a kan baki. Mahaɗar a ƙasa take zama, ba a sama ba. Kada ka ja shi a kusurwa, zai sirance. Idan kwanon mai tudu da kwari ne, cike kwarin da ƙarin butil. Sannan ka duba ƙananan ramukan da ke jikin firam ɗin tagar, na fitar da ruwa ne. Su kalli ƙasa da waje, kuma kada ka toshe su. Na ga wanda ya kifa tagar, ramukan suka koma sama suna tara ruwa.

Sami mutum ɗaya ya danne daga waje. Ɗaure sukuru marasa tsatsa da hannu, wannan kusurwa sai ta ƙetare, kaɗan-kaɗan, har danƙon ya ɗan ɓullo ko'ina. Matsewa da yawa tana lanƙwasa firam, gilashi ya ƙi zugewa. Bayan kwana biyu ka ƙara matsewa, ka yanke abin da ya ɓullo. Sa ragar sauro daga ciki. Sai ka shiga ka rufe, wani ya yi ta feshi da tiyo daga sama na minti 10, kai kuma kana bin gefen da busasshen tsumma.