Yadda Unguwa Za Ta Gyara Kwata da Fadamarta a Legas Kafin Ruwan Yuni

A Legas ruwa ba shi da gangaren kirki. Yawancin garin shimfiɗe yake dab da tafki da teku, shi ya sa idan aka yi ruwan sama daidai lokacin da teku ya cika, bakin manyan lambatu kan nutse, ruwan unguwa ya rasa mafita har sai tekun ya ja baya. Mutanen Mile 12, Owode da Isheri kuma suna da ƙarin nauyi duk lokacin da aka saki ruwan madatsar Oyan ya biyo kogin Ogun, galibi wajen Satumba da Oktoba. Saboda haka yashe kwata kaɗai ba ya wadatarwa. Dole ruwan ya sami inda zai zauna na 'yan sa'o'i, kuma wannan shi ne aikin fadamar da muke cikewa da ɓaraguzai da shara.

Ku yi lissafin da kanku. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa na milimita 50, zai zubo da lita 5,000, wato duro 25. Fadama mai mita 20 a 30 da za ta riƙe ruwa zurfin santimita 30 kuwa tana ɗaukar lita 180,000, ruwan irin wannan rufi 36 ke nan. Ranar da aka cike ta aka dasa shaguna, ruwan nan ɗakunan mutane zai nufa.

Lokacin aiki shi ne Fabrairu zuwa Maris, sai a sake zagayawa a ɗan tsagaitawar ruwa ta Agusta. Kafin a taɓa shebur, mutum biyu ko uku su bi kwatar da ƙafa har inda take zubawa. Daga can ƙasa ake farawa a hauro. Masu farawa daga ƙofar gidansu suna tura laka ne kawai zuwa ga maƙwabci, kuma toshewar tana nan inda take. A sanar da Sarkin Hausawa da Baale (mai unguwa na Yarbawa) da shugabannin CDA (ƙungiyar ci gaban unguwa) tun da wuri, domin kwata ba ta san ƙabila ba, rigimar iyaka kuma ta fi laka wuyar kwashewa. Idan toshewar a babban lambatu take, wannan ya fi ƙarfin shebur. A kai rahoto Ma'aikatar Muhalli da Albarkatun Ruwa ta jiha, wadda ke da sashen magudanan ruwa.

Kayan aiki: shebur, manjagara, diga, baro, buhuna, takalmin roba mai tsawo da safar hannu mai kauri, don akwai fasassun kwalabe da allurai a ciki. Kada kowa ya shiga rufaffiyar kwalbati. Ruɓaɓɓiyar laka tana fitar da iskar da ke warin ruɓaɓɓen ƙwai, idan ta yi yawa hanci kan daina jin ta, mutum ya faɗi nan take. A ɗaga murafu, a bar wurin ya sha iska, a yi aiki daga sama da dogon ƙarfe mai ƙugiya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara lakar a bakin kwata a watse. Ruwan farko zai mayar da ita, an yi aikin baban giwa. A bar ta ta tsane kwana biyu, a ware leda da robobi, a zuba a buhu, kuma a riga an shirya da motar shara ta PSP (kamfanonin kwashe shara masu zaman kansu) ko LAWMA (hukumar kwashe shara ta jihar) ranar da za ta zo.

Bayan yashewa a auna gangare da farar tiyo wadda ake iya ganin ruwan da ke cikinta. Ruwan da ke bakinta biyu kullum daidai yake tsayawa, don haka daga alamar ruwan ake aunawa zuwa gindin kwata a kowane ɓangare. Ana son kowace mita 10 ta sauka aƙalla santimita 5. Inda mai gini ya ɗaga gindin kwatar ƙofarsa, nan ruwa zai kwanta ya yi kore, sai an fasa an daidaita.

Dab da inda kwata ke shiga fadama a yi ramin tare yashi: faɗinsa daidai da kwatar, tsawon mita ɗaya, ya fi gindinta zurfi da santimita 40. A gabansa a kafa ragar rodi mai tazarar santimita 4 zuwa 5, a ɗan kishingiɗe ta yadda manjagara za ta ja shara sama. Amma raga amana ce. Wadda ba a sharewa bayan kowane ruwa takan zama bango, ta jawo ambaliyar da aka kafa ta don hanawa. Idan ba a sami mutum takamaimai da zai kula da ita ba, gara a bar ta. A kasuwanni a haɗa wannan da tsaftar safiyar Alhamis. Jihar ta haramta farin mazubin abinci na soso tun Janairun 2024, amma ledar fiya wata da ruɓaɓɓen tumatir da karyayyun kwanduna sun isa su toshe komai.

Ita kanta fadamar ba haƙa take buƙata sosai ba. A kwashe ɓaraguzan da aka zuba har a tarar da baƙar ƙasar asali, a kwantar da gaɓa ta yadda kowace mita ɗaya ta tsayi za ta ci mita uku a kwance, don kada ta zabtare ko yaro ya zame. A dasa jema layi biyu a gaɓar, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin saiwa da saiwa, da farkon damina. Saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai, ganyenta kuma yana tace laka. Kusa da tafki, inda ruwan ke da gishiri, a ƙyale itatuwan mangurof, wato masu tsirowa cikin ruwan gaɓa, da ke wurin. Sun fi duk abin da za a dasa.

Kainuwa mai shuɗin fure, wadda ta shigo ruwayen Legas ta Badagry a 1984, tana iya ninka kanta cikin kimanin mako biyu. A janye ta tun tana kaɗan, a shanya nesa da gaɓa, domin guntun da ya koma ruwa zai sake tsiro. Wadda aka ciro daga ruwa mai dauɗa kada a ba dabbobi, kada a yi takin alayyafo da ita. Yawanta alama ce cewa masai ko jinin mahauta na zuba a ciki, sai a bi bututun a gano daga ina. Baƙin man bakanikai kuwa a tara a jarka, lita ɗaya tana shafe fuskar kududdufi guda.

Sauro yana ɗaukar kamar mako guda zuwa kwana goma daga ƙwai zuwa mai fiffike. Ƙananan kwaruruka da ke riƙe ruwa fiye da kwana uku bayan an ɗauke ruwan sama, a tsaga musu hanya zuwa tsakiyar fadama, inda kifi ke cinye tsutsar.