Yadda za ka shirya zuwa kallon wasan Buddy Guy a Shikago

Duk wanda ya san Buddy Guy, mawaƙi kuma makaɗin jita na blues (salon kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka), ta faifai ko ta YouTube kaɗai, rabin mutumin ya sani. An haife shi a 1936 a ƙauyen Lettsworth na jihar Luwiziyana, ya iso Shikago a 1957, ya kaɗa jita a bayan manyan mawaƙan blues Muddy Waters da Howlin' Wolf a kamfanin faifai na Chess, kuma manyan makaɗan rock irin su Eric Clapton da Jimi Hendrix sun ɗebi abubuwa da yawa daga hannunsa. Amma abin da ya bambanta shi da sauran, wato yadda yake sauke sauti har ya koma kamar raɗa sannan ya ɓarke da ƙara ba zato, sai a cikin ɗaki ɗaya da shi ake jinsa sosai, don haka duk shirin da zan bayyana a nan manufarsa ita ce ka samu wuri kusa da shi, da kunnuwa lafiyayyu da hankali a kwance.

Wurin da ya fi dacewa shi ne kulob ɗinsa na kansa, Buddy Guy's Legends, wanda ya buɗe a 1989, kuma tun 2010 yake lamba 700 a titin South Wabash. Ya daɗe da al'adar yin jerin wasanni a can cikin watan Janairu. A ganina dare ɗaya a wannan ɗaki ya fi darare uku a babban zauren da za ka hango shi daga nesa kamar ɗan tsako. Sai dai mutum ne da ya manyanta, kuma tun 2023 ya fara zagayen da ya kira na ban kwana da dogayen tafiye-tafiye, saboda haka kada ka ɗauka cewa kowace shekara za a yi. Ka riƙa leƙa shafin intanet na kulob ɗin tun daga kaka, domin tikitin Janairu yakan fito makonni da dama kafin lokacin, kuma na daren Asabar ba ya daɗewa. Ka saya daga shafin kai tsaye, ka guji 'yan kayi-nayi da ke ninka kuɗi. Idan daga wata ƙasa za ka taso, ka kammala maganar biza kafin ka kashe ko sisi a kan tikiti.

Abin da baƙi da yawa ba su sani ba shi ne tikitin ba ya ba ka kujera. Wanda ya riga zuwa shi ke zama a tebur, sauran kuwa a tsaye za su kalli wasan daga baya ko daga gefe, shi ya sa masoyansa na gaske kan kama layi tun da rana tsaka, wasu ma tun da safe. Wannan layi a waje yake, a watan da sanyin Shikago ya fi tsanani, lokacin da ma'auni kan sauka ƙasa da sifili kuma iskar tafkin Michigan ke ratsa tituna. Wanda iyakar sanyin da ya sani shi ne hunturun gida zai sha mamaki. Ka sa riguna hawa-hawa waɗanda za ka iya cirewa idan ka shiga ciki ɗaki ya yi ɗumi, ka haɗa da hular sanyi da safar hannu da takalmin da ruwan ƙanƙara ba ya ratsawa. Ka riƙe fasfo ko wani katin shaida mai hoto, domin wasan dare na 'yan shekara 21 zuwa sama ne. Jirgin ƙasa na Red Line yana tsayawa a tashar Harrison, tafiyar 'yan mintuna ce da ƙafa daga nan zuwa ƙofar.

Ya kamata in faɗa a fili cewa wurin mashaya ne, ana sayar da giya, kuma ɗakin girkinsu abincin Luwiziyana yake yi. Wanda ba ya sha zai iya neman lemo ko ruwa ba tare da kowa ya dube shi ba, amma ka tambaya kafin ka ci gumbo ko jambalaya, domin sau da yawa ana sa musu naman alade. Soyayyen tarwaɗa ya fi sauƙin sha'ani. Ka kuma tanadi ɗan ihsani ga mai kawo abinci, kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin, kamar yadda aka saba a Amurka.

Idan ka samu damar zaɓen wuri, kada ka zauna daf da lasifika ko da a layin farko take. Ka nemi inda za ka ga hannunsa na hagu a kan wuyan jitar, domin a nan aikin yake: yadda yake tura tsirkiya sama da yatsa har sautin ya lanƙwasa kamar muryar mai kuka, da yadda yake girgiza ta ya riƙe sauti ɗaya tsawon lokaci. Ka zo da abin toshe kunne irin na makaɗa, wanda ke rage ƙarfin sauti ba tare da ya dusashe shi ba. Masana lafiyar ji sun ƙayyade cewa kunne yana jure desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti) na awa takwas, amma a desibel 100, wanda wasan jita mai lantarki kan kai, minti 15 ne kawai. Ƙarar da za ka kwana kana ji a kunne bayan wasa alamar rauni ce.

Wata ƙungiya ce ke fara buɗe fage kafin ya fito, kuma ya dace ka saurare ta da kyau, domin a nan kunnenka zai saba da tsarin kiɗan. Yawancin waƙoƙin blues a kan zagaye mai gaɓa 12 suke tafiya: a rera layi, a maimaita shi, sannan a kawo layi na uku da ke warware maganar. Bayan kowane layi jita ce ke amsawa, kamar yadda 'yan amshi ke karɓa wa mawaƙi, kuma wanda ya saba da jitar Agadas, irin ta Bombino, ba zai ji kansa baƙo a wannan zance tsakanin murya da tsirkiya ba.

Sa'ad da ya fito, mai yiwuwa da jitarsa Fender Stratocaster mai ɗigo-ɗigo wadda yake riƙewa don tunawa da mahaifiyarsa, kada ka sa ran zai bi waƙoƙi daga farko zuwa ƙarshe kamar a faifai. Yakan yanke waƙa a tsakiya ya ba da labarin gonar auduga, ya kwaikwayi salon mawaƙin blues John Lee Hooker ko na Hendrix na minti biyu, ya goga tsirkiya da sandar ganga ko da tawul. Bakinsa yana da kaifi, kuma ba ya jin nauyin tsawata wa masu surutu. Idan ya sauke sauti, ka yi tsit. Wannan lokaci shi ne mafi daraja a daren, kuma ina jin takaici ƙwarai idan na tuna yawan mutanen da ke ɓata shi suna kallon fuskar waya. Ka ɗauki hoto ɗaya ko biyu ba tare da walƙiya ba, ka mayar da wayar aljihu.

Akwai kuma al'adar da ya koya daga makaɗin blues Guitar Slim tun yana saurayi, ta saukowa daga dandamali ya ratsa cikin jama'a yana kiɗa, a da da doguwar wayar jita a bayansa, yanzu kuwa ba waya. Idan ya nufo inda kake, ka ba shi hanya, kada ka taɓa jitar ko ka riƙe masa hannu, ka dai kalli yatsun nan da suka shafe fiye da shekara 70 a kan tsirkiya.

Bayan an tashi ya saba zama kusa da wurin sayar da riguna da faifai yana sa hannu a kan abin da mutane suka saya, saboda haka kada ka yi gaggawar fita. Ka shiga layi, ka gaishe shi a taƙaice, domin dattijo ne da ya gama aiki mai nauyi. Jiragen Red Line da Blue Line suna aiki dare da rana, don haka ko wasan ya kai tsakar dare za ka samu abin komawa masauki.