Yadda ake shirya maganin likita kafin a hau jirgin sama

Maganin da kake sha kullum, na hawan jini ne, na ciwon suga, na asma ko na farfaɗiya, wurinsa jakar hannu wadda za ta shiga jirgi tare da kai. Kada ya shiga babban akwatin da ake aunawa. Akwati kan yi ɓatan hanya, musamman idan za a canja jirgi a Addis Ababa, Alkahira ko Istanbul, ya iso bayan kwana biyu ko uku, mai farfaɗiya kuwa ba zai iya jiran haka ba. Ɗakin kaya na ƙasan jirgi kuma kan yi sanyi ƙwarai, insulin in ya daskare ya lalace, ko ya narke daga baya ba a amfani da shi.

Tun saura wata guda a tafi, ka ga likitanka ya rubuta maka wasiƙa da Turanci a takardar asibiti, mai hatimi da sa hannu da kwanan wata. A ciki a sa sunanka daidai yadda yake a fasfo, da ciwon, da sunan sinadarin kowane magani da ƙarfinsa (misali amlodipine 5mg ko metformin 500mg), sau nawa ake sha a rana, da jimillar abin da ka ɗauka. Sunan kamfani kaɗai bai isa ba, domin magani ɗaya kan canja suna daga ƙasa zuwa ƙasa. In akwai allura, sirinji ko na'urar gwada suga, a ambace su. Ka ɗauki hoton wasiƙar a waya, ka kuma ajiye kwafi a wata jakar daban.

Ka lissafa kwanakin tafiya, ka ƙara na mako ɗaya ko biyu. Alhajin da zai yi kwana 40 ya riƙi na kwana 50, domin jirgin dawowa kan yi jinkiri.

Inda mutanenmu suka fi samun matsala shi ne mazubi. A kemis da asibitocinmu an saba zuba ƙwayoyi a 'yar leda a rubuta 1x3 da biro. Jami'in kwastan a Jidda ko Dubai ba shi da hanyar sanin mene ne a ciki, kuma yana da ikon ƙwace shi ko ya tsare ka sai an gwada. Ka nemi maganin a kwalinsa na asali, da katinsa ba a ɓare ba, da takardar bayanin da ke ciki. Ɗan akwatin nan mai gidajen ranakun mako ka tafi da shi babu komai, ka cika shi a masauki. Garin maganin gargajiya da jiƙo a gora marar suna, gara a bar su a gida.

Sai magungunan da doka ta sa wa ido: tramadol, kodin, diazepam, mofin, da allurar pentazocine da ake yi wa masu sikila. Ba a kowace ƙasa ce takardar likita kaɗai take halatta su ba. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana son a nemi izinin hukumomin lafiyarta ta intanet kafin a taso, Saudiyya ma hukumarta ta abinci da magunguna ce ke ba da izinin shiga da irinsu. Ƙasashe da yawa ba sa yarda a wuce na kwana 30, Birtaniya kuwa ta tsayar da iyaka a wata uku. A 2017 wata kotu a Masar ta ɗaure wata 'yar Birtaniya shekara 3 saboda ƙwayoyin tramadol kusan 290 da aka samu a akwatinta. Ka tambayi ofishin jakadancin ƙasar da za ka, har da wadda za ka yada zango a cikinta. Kuma kada ka karɓi saƙon magani na kowa, ko ɗan'uwanka ne, domin abin da aka samu a jakarka kai za a tuhuma, tun daga teburin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a filin jirgin Malam Aminu Kano.

A wurin bincike, ƙa'idar ruwa a yawancin filayen jirgi ita ce kowace kwalba kada ta wuce mililita 100, duka a cikin leda mai nuna ciki ta lita ɗaya. Magani yana iya wuce haka, amma sai ka fito da shi daban a faranti, ka faɗa wa jami'i tun kafin jakar ta shiga na'ura, wasiƙa a hannu. Na'urar haska kaya ba ta ɓata ƙwayoyi. Mai sanye da famfon insulin ko na'urar auna suga da ake mannawa a jiki ya duba umarnin kamfanin da ya ƙera ta, domin wasu sun hana a bi da ita ta na'urar, sai ya nemi a caje shi da hannu.

Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, wanda aka fara amfani da shi kuma yawancinsa yana kai kwana 28 in zafi bai haura digiri 30 ba. A sa shi a 'yar jakar sanyi, a naɗe shi da ƙyalle don kada ya taɓa ƙanƙara. Shi da abin shaƙa na asma da 'yan alawa saboda faɗuwar suga, a ƙarƙashin kujerar gabanka za su zauna, inda hannu zai kai ko an hana tashi.

Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa 2, Dubai da awa 3, wannan bai cika dagula lokacin shan magani ba. Guangzhou ta ƙasar Sin kuwa awa 7 ce. Mai allurar insulin ko mai shan maganin farfaɗiya da zai yi irin wannan nisa ya sa likita ya tsara masa jadawalin ranar tafiya a rubuce, ya bar agogo ɗaya a kan lokacin gida har ya sauka, sannan ya riƙa matsar da lokacin sha da awa ɗaya ko biyu kowace rana.