Yadda zaka maida babbar tocilar hannu ta koma zenon mai dogon zango

Jama'a masu gadin gona da masu sintirin dare, wannan naku ne. Babbar tocilar nan mai mariƙi da kai kamar kwanon sha, wadda ke zuwa da ƙwan halojin da batir mai nauyi a cikinta, idan haskenta ya fara ja kamar na aci-balbal kar ka jefar da ita, jikin nan da kwanon hasken su ne masu tsada, sauran duk ana canzawa. Ni tawa haka na maida ta zenon, irin fitilar motar nan da ake kira HID, kuma har yau da ita nake zagaya gona lokacin girbi.

Kafin ka kashe ko sisi, buɗe ta ka duba abu uku. Batirin bolt 12 ne ko 6? In 6 ne toh sai ka canza shi, domin balas ɗin zenon, wato ƙaramin akwatin da ke tada ƙwan ya kuma daidaita masa wuta, na mota ne, yawanci daga bolt 9 zuwa 16 yake aiki. Gilashin gaba, gilashi ne na gaske ko roba? Roba zata yi rawaya ko ta narke. Sai kwanon ciki, in na ƙarfe ne mai sheƙi ka dace, kuma iya faɗinsa iya nisan da hasken zai je.

Kayan da zaka nema a wajen masu kayan wutar mota, ko a Ƙofar Ruwa in kana Kano ko Panteka in kana Kaduna: balas siriri mai wat 35, ƙwan zenon mai gindi irin na wanda ka cire (yawancin tocilolin nan H3 ne), rile (makunnin da ƙaramar wuta ke tadawa ya wuce da babbar wuta), fiyus mai amfiya 10 ko 15, waya mai kauri da ƴan washa. Za'a ce maka ɗauki balas mai wat 55 ko 100 yafi wuta, kar ka biye. Halojin H3 mai wat 55 lumen (ma'aunin yawan haske) 1,450 yake bayarwa ko kusa da haka, shi kuwa zenon mai wat 35 yana kai 3,000, kaga ka ninka haske kuma ka rage cin batir. Babban balas zafi mai yawa zai tara maka a cikin jikin roba. Haka maganar launi, ka nemi 4300K ko 5000K, wanda aka rubuta 8000K ɗin nan mai shuɗi kyau ne a ido amma haskensa ya ragu, kuma in hazo ya sauko lokacin hunturu sai ya dinga dawo maka a fuska baka ganin komai a gaba.

Haɗin wayar ba wuya. Daga jan kan batir zuwa fiyus, daga fiyus zuwa rile, daga rile zuwa balas, shi kuma tsohon makunnin aikinsa kawai ya tada rile. Dalili kuwa, lokacin kunnawa balas na fizgar wuta ninki biyu ko fi na abin da yake ci in ya daidaita, ƙaramin makunnin roba ba zai jure ba. Amma dan Allah a kula da wayoyi biyun da suka fito daga balas zuwa ƙwai, wajen tashi bolt sama da 20,000 ke bi ta nan. Kar ka yanke su, kar ka yi musu ƙari, kar su gogi ƙarfe, kar ka kunna balas babu ƙwai a jiki, kuma duk sanda zaka sa hannu ciki cire kan batir tukuna. Shi ma ƙwan kar ka taɓa gilashinsa da yatsa, in ka taɓa goge da sifirit, kuma kar ka kunna shi tsirara kana kallo don yana fitar da hasken da ke ƙona ido.

Yanzu ga inda aikin yake, kuma nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Ƙwan zenon bashi da zare, wuta ce ke tsallake tsakanin ƴan ƙarafa biyu da tazarar kamar milimita 4, kuma dole wannan ɗigon wutar ya zauna daidai inda zaren halojin yake zaune a da. Zaren H3 a gicciye yake, wutar zenon kuma a miƙe, shi yasa da wuya ka saka ya dace kai tsaye. Ranar da na fara kunna tawa na ji takaici sosai, haske ya cika tsakar gida fal amma da na haska bishiyar kukar da ke bakin gona sai naga baƙin rami a tsakiya da zobe kewaye da shi, tsohon halojin ma ya fi shi zuwa nesa. Abin da zaka yi, da daddare ka fuskanci bango daga taku 15 zuwa 20, ka kunna ka jira kamar daƙiƙa 20 hasken ya cika, ka duba. Kashe, bari ya huce, cire batir, sa washa ɗaya a gindin ƙwan, sake gwadawa. In tabon hasken ya ƙara tsukewa ci gaba, in ya baje toh ciki ƙwan yake so ya shiga, sai ka ɗan goge mazauninsa da fayil. Milimita ɗaya tak tana canza komai. Ni washa biyu suka gyara min, tabon ya dunƙule kamar faifai, har rassan kukar nake ƙirgawa. Siririyar wayar da ke bin gefen ƙwan kuma ka juya ta ta kalli ƙasa.

Batir kuma, na asali mai 7Ah (Ah ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne) ya haura kilo 2 kuma da ƙyar zai baka awa ɗaya da ƴan mintuna. In kana so hannu ya huta, haɗa ƙwayoyin batirin litiyam 18650 (irin na cikin batirin laftop) guda 9, uku-uku gefe da gefe jan kai da jan kai, sannan ka jera rukuni ukun ɗaya bayan ɗaya, in kowanne 2,500mAh ne kana da 7.5Ah a nauyin da bai wuce rabin kilo ba, kusan awa 2 kenan. Sharaɗi, dole a sa allon kariya na BMS wanda zai ɗauki amfiya 20, kuma cajar bolt 12.6 zaka nema, tsohuwar cajar ka ajiye ta gefe. Kar ka gauraya tsofaffin ƙwayoyin laftop da baka auna ba, gobara ake saye da su.

Wajen amfani, zenon baya son kunna-kashe kunna-kashe, yana cinye ƙwan da balas, in ka kunna barshi ya ɗan jima. Kar ka haska idon direba ko mai babur a hanya. Ka huda ƴan ramuka a ƙasan jikin kusa da balas don iska, ka ɗaure shi kar ya dinga karo da batir, sannan a gwajin farko ka barta a kunne minti 15 kana taɓa jikin, in robar kusa da gindin ƙwan ta fara laushi ko wari kashe ka sa farantin alminiyam tsakaninsu.