Fasto, ka raba karatun wa'azi da karatun ranka

'Yan'uwa masu hidima, salama. Ga abin da ya taimake ni.

Na daɗe ina buɗe Littafi Mai Tsarki don neman abin faɗa ran Lahadi kawai. Ko aya ta soke ni, sai in ce, "Wannan ta dattijo wane ce." Ina dafa wa jama'a, ni kuwa ina kwana da yunwa.

Yanzu littattafan rubutu biyu gare ni. Ɗaya na wa'azi. Ɗayan ƙarami ne, ba ya hawa bagade, ba mai ganinsa. Da asuba, kafin in kunna waya, nakan karanta Zabura ɗaya, in rubuta abin da ta tona mini. Ran Litinin kuma in titsiye kaina: wa na yi wa tsawa a taron dattawa? Hannuna tsaf yake wajen kuɗin baiko? Yabon da aka yi mini a ƙofar coci ya kumbura mini kai?

A Ayyukan Manzanni 20:28, Bulus ya ce wa dattawan Afisa su kula da kansu, sannan ya ambaci garken.

In abin ya yi nauyi, ka nemi tsohon fasto daga wata gunduma ka amayar masa. Ɗan ikilisiyarka kam, kada ka ɗora masa wannan kaya.