Tayar ƙanƙara: kurakuran masu tafiya ƙasashen sanyi da na masu saye a Kofar Ruwa

Da an shiga watan Satumba gidaje da yawa a Kano sukan raka 'ya'yansu filin jirgin Malam Aminu Kano. Wani zai tafi karatu Kanada, wani Jamus, wata ta samu aikin jinya a Ingila. A haɗa musu yaji da kuka da daddawa, a sayi rigunan sanyi, a yi ta nasiha kan salla da abokan banza, amma ba mai ambaton taya. Bayan wata uku yaro ya sayi 'yar motarsa ta hannu, dusar ƙanƙara ta farko ta sauka, ya taka birki a danja, mota ta ci gaba da sulalewa. A nan gida kuwa, tayoyin sanyi da mutanen can suka gama ci suka jefar, su ne ake jera mana a bakin shago muna saye muna hawa titin Zariya da su cikin zafin Afrilu. Kuskuren na can da na nan tushensu ɗaya ne, wato ɗaukar cewa taya taya ce, in dai baƙa ce kuma zanenta bai suɗe ba.

Kowace taya da yanayin da aka haɗa robarta dominsa. Robar tayar da muka saba da ita takan fara taurin kai da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Selshiyas, ta rage kama kwalta ko da titin a bushe yake. Tayar sanyi an haɗa tata robar ne don ta zauna da laushi a wannan yanayin. Wanda ya san man kaɗe ya gane maganar: a hunturu ya daskare sai an murza, a bazara ya narke a kwalba. Bayan laushin roba, tayar sanyi tana da zane mai zurfi da ɗaruruwan ƙananan tsagogi masu lanƙwasa a jikin kowane ƙulli na zanen. Waɗannan tsagogin su ke buɗewa su ciji ƙanƙara. A Finland aka fara ƙera irin wannan taya, kamfanin da daga baya ya zama Nokian ya fitar da ita a 1934.

Kuskuren da ya fi yawa wurin sababbin zuwa shi ne dogara da rubutun All Season da ke jikin tayar da suka tarar a motar. Mutum ya karanta ya ce ai ta kowane lokaci ce, me zai kai shi kashe kuɗi. Irin wannan taya takan yi aiki a garin da sanyinsa bai da tsanani, kamar kudancin Ingila, inda doka ma ba ta tilasta sa tayar sanyi ba. Amma a Winnipeg ko Edmonton, inda sanyi kan sauka ƙasa da sifili da digiri 30, wannan tayar ba ta da abin da za ta yi maka. Haka nan haruffan M+S da ake gani a gefen taya, waɗanda ke nufin laka da dusar ƙanƙara, sun rudi mutane da dama. Kamfani ne ke buga su bisa fasalin zanen tayar, ba sai an gwada ta a kan ƙanƙara ba. Alamar da za ka nema ita ce hoton dutse mai kololuwa uku da furen ƙanƙara a cikinsa. Wannan ba a buga ta sai tayar ta ci gwajin kama ƙasa a dusar ƙanƙara. Ka durƙusa ka duba da idonka, kada ka tsaya ga abin da mai sayar da motar ya faɗa maka.

Sai rashin sanin dokar garin da mutum ya sauka, wanda kan jawo tara tun kafin a kai ga haɗari. A lardin Kubek na Kanada wajibi ne kowace ƙaramar mota ta sa tayar sanyi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A lardin British Columbia akwai manyan hanyoyin tsaunuka da ba a hawa daga 1 ga Oktoba sai da tayar da ta dace. Jamus ba ta sa rana ba, ta ce duk ranar da titi ya yi ƙanƙara ko santsin sanyi dole tayarka ta zama ta sanyi, kuma tun daga Oktoban 2024 sai mai alamar dutsen nan kaɗai ake karɓa, M+S ba ta isa ba. Tarar takan fara daga yuro 60. Lardin Ontario bai tilasta ba, sai dai tun 2016 ya wajabta wa kamfanonin inshora su yi rangwame ga duk wanda ya sa tayar sanyi, kuma da yawa daga cikin yaranmu da ke Toronto ba su san su nemi wannan ragin ba.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne sayen biyu maimakon huɗu. Na san daga inda tunanin ya fito. A nan Kano mun saba, in kuɗi bai kai ba, a sa sababbi biyu a gaba, a mayar da na gaban baya, a ci gaba da lallaɓawa. Ɗan 'yar'uwata da ke karatu a Kanada ya kira ni da wannan lissafin. Ya ce, "Kawu, motar ai ƙafar gaba ke ja, in na sa biyu a gaba ba shi ke nan ba?" Na ce masa a'a, ɗana, ka yi haƙuri ka cika huɗun. Idan gaba ya kama ƙasa baya bai kama ba, kana shiga kwana ko ka taka birki, bayan motar zai zame ya zagayo gaba, motar ta juya da kai a tsakiyar titi, kuma sitiyari ba zai cece ka ba. Idan kuma a baya ka sa su, ka murza sitiyari motar ta ƙi bin umarni ta miƙe. Huɗu ake sawa, iri ɗaya, girma ɗaya. In kuɗin huɗu bai samu ba, gara a ajiye motar a hau bas har su samu. Ba abin kunya ba ne, garuruwan nan suna da motocin haya masu tsari.

Akwai kuma masu babbar mota, wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja, da suke ganin su sun fi ƙarfin wannan magana. Jan ƙafa huɗu yana taimakon mota ta tashi daga tsaye, ta hau tudu. Wajen tsayawa kuwa ba abin da yake ƙarawa, domin kowace mota da ƙafa huɗu take birki, kuma abin da ke tsayar da ita shi ne ɗan wurin da roba ta taɓa ƙasa, wanda bai fi tafin hannu ba. Nauyin babbar mota ma ƙara mata nisan tsayawa yake yi. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya ce a kan ƙanƙara nisan tsayawar mota kan iya ninka na busasshen titi har sau 10. Ko da tayar sanyi ce a ƙafarka, ka bar tazara mai yawa, ka kuma yi hattara da gadoji, don su ne ke fara daskarewa kafin sauran titi, ƙanƙarar tasu kuma sau da yawa ba a ganinta, sai ka ɗauka jiƙa ce kawai.

Taya mai ƙusoshi ba kowa ke bukatarta ba. Amfaninta a kan daskararriyar ƙanƙara ne, irin ta ƙauyukan arewacin Suwidin da Finland. A cikin birnin da ake share titi ana zuba gishiri, ƙara kawai take yi tana cin kwalta. Jamus ta hana ta, kudancin Ontario ma haka. Ka tambaya kafin ka saya.

Jinkiri ma kuskure ne. Mutane sukan jira sai dusar ƙanƙara ta sauka sannan su ruga gareji, su tarar da layi na makonni. A watan Oktoba ake neman rana, da zarar sanyin safiya ya fara zama ƙasa da digiri 7. Wanda zai daɗe a ƙasar, ya sayi ƙarafan wili na daban masu araha a ɗaura tayoyin sanyin a kansu, canjin kowace shekara ya zama kwance noti da ɗaurewa kawai. Girman tayar kuma ka ɗauko shi daga takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, lamba ce irin 195/65 R15: faɗin taya milimita 195, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wili inci 15. Kada sha'awar faffaɗar taya ta ja ka, a dusar ƙanƙara siririya ta fi yanka ta isa ƙasa. Iska kuwa raguwa take yi da sanyi, kusan awo ɗaya a geji duk lokacin da yanayi ya sauka da digiri 5 ko 6, saboda haka a riƙa aunawa ko sau ɗaya ne a wata, da safe kafin mota ta yi tafiya. Da bazararsu ta shigo, a cire tayoyin a ajiye a inuwa, domin zafi cinye su yake yi.

Wannan maganar cinyewa da zafi ita ce ta dawo da mu gida. Je ka Kofar Ruwa ko wurin masu taya na bakin titi ka tsaya ka kalli yadda cinikin ke tafiya. Mai shago zai mirgino maka taya ya ce, "Alhaji, 'yar Baljiyam ce, dubi zanenta, ko rabi ba a ci ba." Ya sa ɗan yatsa cikin zanen ya nuna maka zurfinsa, ya danna robar da farce ka ga ta yi laushi, ya ce wannan ita ce alamar mai kyau. Sau da yawa shi kansa bai san tayar sanyi ce ba, ba yaudara yake nufi ba. Zurfin da ya nuna maka gaskiya ne, sai dai akwai dalilinsa. A ƙasashen sanyi ana cire tayar ƙanƙara tun zanenta yana da milimita 3 ko 4, domin daga nan ta daina cizon ƙanƙara, alhali tayar yau da kullum sai ta kai milimita 1.6 doka ke cewa ta ƙare. Shi ya sa take iso mana tana kama da mai sauran rai.

Kano ba ta taɓa zama garin wannan taya ba. Ko a tsakiyar hunturu, a Disamba da Janairu, da rana ta ɗaga an wuce digiri 7 nesa ba kusa ba. A Afrilu zafi kan taɓa digiri 40, kwalta kuma ta fi iska zafi sosai. Robar da aka yi don sanyi in ta hau wannan kwaltar sai ta yi laushi fiye da kima, ta riƙa suɗewa da sauri, motar ta riƙa lilo a kwana, birki ya ƙara nisa. Ga ta tsohuwa, ga lodi, ga gudu a hanyar Kaduna ko Maiduguri da tsakar rana. Haka taya ke yin bindiga. Mun sha zuwa gaisuwar mutanen da aka ce tayar motarsu ce ta fashe, ana cewa ƙaddara, kuma ƙaddara gaskiya ce, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci ma suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta hana shigowa da su. Na san abin da ke kai mutane gare su: tun da Michelin da Dunlop suka rufe masana'antunsu a Najeriya wajen 2007 da 2008, sabuwar taya daga waje take zuwa, farashinta kuma yana bin dala. Duk da haka araha ba ta ado, sabuwar taya ta kamfani mai sauƙin kuɗi ta fi tsohuwar tayar sanyi ta babban kamfani.

Gane ta ba wuya. Ka juya gefenta ka nemi hoton dutsen da furen ƙanƙara, ko kalmomin Winter, Snow ko Ice. Ka dubi saman zanen, in ka ga ƙananan tsagogi sun cika shi, ko ƙananan ramuka inda aka zare ƙusoshi, ka mayar masa da abarsa. Haruffan M+S su kaɗai ba sa nufin tayar sanyi ce, tayoyin manyan motoci da yawa suna ɗauke da su kuma suna aiki lafiya a nan. Daga nan ka nemi shekarunta. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe a cikin ɗan zagaye: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana gargaɗi kan tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa. In ka ga an kankare wurin lambar ko an goge shi, kada ka saya ko nawa aka rage maka. Akwai kuma rubutun Temperature da harafin A, B ko C a gabansa, wanda ke nuna juriyar zafi. A ta fi kowacce, ita ya kamata mai doguwar tafiya a arewa ya nema.

Wanda ya duba yau ya tarar tayar ƙanƙara ce a motarsa, ya fara shirin canza ta, kafin nan kuma ya tsaya a zirga-zirgar cikin gari, ya rage gudu, ya bar doguwar tafiya da lodi. Wajen mai faci, ka ce ya sa iskar da takardar jikin ƙofa ta faɗa, wadda a yawancin ƙananan motoci tana tsakanin awo 30 da 35 a geji, domin lambar da ke jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Kada a rage iska don an ji taya ta yi zafi a hanya, a tsaya a inuwa ta huce. In akwai kibiya a gefen tayar, ka tabbata ya ɗaura ta kibiyar tana kallon inda mota ke tafiya gaba, in ba haka ba da damina zanen ba zai kore ruwa daga ƙarƙashinta yadda ya kamata ba.